Yadda Ake Hira da Jariri Har Bakinsa Ya Buɗe

Tambayar da iyaye suka fi aiko min da ita a kan tarbiyyar ƙananan yara ita ce: me zan ce wa jinjirin da bai san komai ba, kuma yaushe zan fara? Wasu kuma sai ɗansu ya shekara biyu bai ce uffan ba, sannan hankali ya tashi, a fara neman rubutu da tofi da shawarar maƙwabta.

Gidajenmu na Kano ba su rasa surutu ba. Tun asuba rediyo na kunne, mata na hira a tsakar gida, masu talla na sallama, yara na tilawa. Sai dai yawancin wannan magana ta saman kan jariri take wucewa, yana goye a baya ko yana kwance a ɗaki. Maganar da ke buɗe bakin yaro ita ce wadda aka yi da shi kansa, aka saurara masa ya mayar, aka amsa masa. A kan wannan duk matakan da ke ƙasa suka tsaya.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Kusan babu. Fuskarki da muryarki ne manyan kayan aikin. Sauran suna ɗakinki: kwano, ludayi, murfin tukunya, ƙaramin madubi, mayafi, da littafi mai manyan hotuna idan ya samu. Kada wani ya ruɗe ki da abin wasa mai batir da ke rera waƙa da Turanci, wai yana koya wa yaro magana. Tsada gare shi, kuma ba ya jiran yaro ya amsa. Inda kuɗi zai iya shigowa shi ne gwajin ji a asibiti, idan buƙatar hakan ta taso, kuma zan zo kansa a mataki na 10.

1. Fara tun cikin jego, a wajen shayarwa

Jariri yana jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe, kuma yana fitowa duniya da sanin muryar mahaifiyarsa. Don haka babu wani lokaci da za a ce ya yi wuri.

Sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nesa da shi kamar santimita 20 zuwa 30, wato kusan tazarar da ke tsakanin ƙirjinki da fuskarki idan kina ba shi nono. Yana kuma sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Ba sai kin ware wani lokaci na musamman ba, wannan ya isa. Ki dube shi ido cikin ido, ki ce, "Yunwa ce ko? To ga shi, sha a hankali." Idan ya saki ya kalle ki, ki yi murmushi ki ƙara wata kalmar.

Gargaɗi: mafi yawan kuskuren da nake gani a nan shi ne nono a bakin yaro, waya a hannun uwa. Yana ɗago ido yana neman fuskarki, sai ya tarar da bayan waya. Ki ajiye ta, ko da a rabin shayarwar rana ce.

2. Sauko da shi gaba ya ga baki

Goyo alheri ne. Yana kwantar wa yaro da hankali, yana sake wa uwa hannu ta yi aiki, kuma ba zan taɓa cewa a daina ba. Amma yaron da ke baya ƙeya yake gani. Yana jin murya, ba ya ganin yadda leɓe ke haɗuwa a fitar da "ba" ko "ma", kuma ke ba kya ganin lokacin da ya buɗe baki zai amsa.

Saboda haka idan ya farka yana cikin nishaɗi, ki kwance majanyi, ki zauna a tabarma, ki ɗora shi a cinya fuskarsa na kallon taki. Minti 5 zuwa 10 sau da dama a yini ya fi awa guda a lokaci ɗaya. Lokutan da suka fi dacewa su ne bayan wanka kina shafa masa mai, lokacin canza ƙunzugu, da bayan ya ƙoshi bai kai ga barci ba.

Gargaɗi: idan ya kau da kai, ya fara hamma, ko ya banƙare, ya gaji ke nan. Ki ƙyale shi ya huta. Ba fushi ya yi ba.

3. Gyara murya, kada ki lalata kalma

Wannan muryar da mata ke yi wa jarirai ba tare da an koya musu ba, mai ɗan tashi sama, mai jan kalma, ita ce daidai. Jarirai sun fi sauraronta fiye da muryar hirar manya. Ki rage sauri, ki gajarta jimla, ki maimaita: "Ga ruwaaa. Ruwa mai ɗumi. Ka ji ruwa?"

Abin da ba a so shi ne a mayar da duk maganar tsamin baki, uwa ta riƙa cewa "luwa" a madadin ruwa, har yaro ya rasa inda zai ji kalmar daidai. Wasa da sauti ba laifi, amma sunayen abubuwa ki faɗe su yadda suke.

4. Yi magana, yi shiru, jira amsa

Idan abu ɗaya kawai za ki ɗauka daga wannan rubutu, to wannan ne.

Ki faɗi gajeriyar magana, sannan ki yi shiru kina kallonsa, girarki a ɗage kamar mai jiran amsa. Ki ƙirga 1 zuwa 5 a zuci, ko fiye. Jariri ba ya amsawa da saurin babba. Amsarsa a watannin farko tana iya zama wutsil-wutsil da ƙafa, ko buɗe baki, ko "aaa", ko murmushi. Ko wacce ya yi, ki karɓe ta a matsayin magana: "Haka ne? To sai aka yi yaya?" Sai ki sake yin shiru. Kamar mata biyu ne suna daka a turmi ɗaya: sai wannan ta ɗaga taɓarya sannan waccan ta sauke tata. Idan ɗaya ta ƙi ɗagawa, ɗayar ba ta da wurin sauke tata.

Ga yadda abin yake a aikace. Yarinya 'yar wata 4 tana kwance a cinyar uwarta bayan wanka, ana shafa mata man kaɗanya. Uwar ta kama ƙafarta ta ce, "Ƙafar wa ce wannan?" Ta yi shiru. Yarinyar ta zuba mata ido, ta turo harshe, can sai ta ce "guuu". Uwar ta mayar mata da "guuu" ɗin, sannan ta ce, "Taki ce, ƙafar Ummi ce." Ta sake yin shiru. Yarinyar ta harba ƙafa ta yi dariya. A cikin minti guda sun yi musaya sau 4 ko 5, kuma yarinyar ta koyi abin da babu rediyon da zai koya mata: idan ta fitar da sauti, wani yana amsawa.

Kwaikwayon sautinsa yana da amfani sosai, musamman daga wata 6 zuwa sama da ya fara gwaranci, "ba-ba-ba", "da-da-da". Ki mayar masa da shi, ki jira, sannan ki ɗan sauya zuwa "ma-ma-ma" ki ga ko zai bi ki.

Wani bincike da masana na jami'o'in MIT da Harvard a Amurka suka fitar a 2018, a kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6, ya nuna cewa yawan wannan musayar tsakanin yaro da babba ya fi alaƙa da ƙwarewar harshe fiye da yawan kalmomin da yaron ya ji kawai. Shi ya sa nake damuwa idan na ji an ce wa uwa "ki yi ta yi masa surutu" aka tsaya a nan. Uwar da ke zuba ba numfashi ta hana ɗanta nasa rabon.

Gargaɗi: kada ki amsa masa tambayar da kika yi masa tun bai motsa ba. Jiran yana da wuya, musamman ga mai aiki jibge a gabanta, amma shi ne aikin.

5. Faɗi abin da hannunki ke yi

Masu cewa ba su san me za su ce ba, ga mafita. Duk abin da kike yi, ki sa masa suna. Wajen wanka: "Ga soso, ga sabulu. Mu wanke hannu, mu wanke ciki." Wajen sa riga: "Kai ya shiga, ina hannu? Ga hannu ya fito." Idan ya kai wata 6 an fara ba shi kunu: "Buɗe baki. Kunu da daɗi. A ƙara?"

Maimaici a nan shi ake so. Kalmar da yaro ke ji kullum a lokaci guda, tare da abu guda, ita ce ke fara zama masa a kai. Idan kun fita ma haka. A cikin adaidaita sahu ki juyo da shi ya ga titi: ga mota, ga babur, ga akuya. A Kasuwar Rimi ko 'Yankaba ki nuna masa tumatir da albasa kafin ki zuba a leda.

Gargaɗi: hirar girki daga nesa ake yinta. Kada a zaunar da yaro kusa da murhu, gawayi ko tukunyar gas don a nuna masa abu. Hayaƙi yana cutar da ƙirjinsa, kuma mai rarrafe ya fi ki sauri.

6. Bi idonsa, daga baya ki bi yatsansa

Yaro ya fi riƙe sunan abin da hankalinsa ke kai a wannan lokacin. Idan ya ƙura wa kaza ido a tsakar gida, kada ki janye shi zuwa ga ƙwallon da ke hannunki. Ki bar ƙwallon ki ce, "Kaza! Kaza tana cin tsaba."

Wajen wata 9 zuwa shekara guda zai fara nuna abu da yatsa, yana waiwayowa ya ga ko kin gani. Wannan nunin babban ci gaba ne, domin magana ce ba da baki ba. Duk lokacin da ya nuna, ki kalli abin, ki faɗi sunansa, ki kalle shi. A wannan shekarun ne kuma wasan rufe fuska da mayafi a buɗe, da tafi, da ɗaga hannu a ce "sai an jima" suke shiga sosai.

Gargaɗi: abin da za ki miƙa masa ya riƙe ya zama ya fi ƙarfin bakinsa. Gyaɗa, wake, ƙwallon dabino, murfin kwalba da ƙaramin batir duk suna shaƙe yaro.

7. Idan kalma ta fito, ƙara mata ɗaya

Yawancin yara suna faɗin kalmar farko wajen shekara guda. Daga nan aikinki shi ne ki ɗora kaɗan a kan abin da ya kawo. Ya ce "mota", ki ce "Eh, babbar mota." Ya ce "Baba", ki ce "Baba ya dawo." Idan ya fara haɗa biyu, ki mayar masa da uku.

Idan ya ce "luwa", kada ki ce "ba haka ake faɗa ba." Ki ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa." Ya ji daidai, kuma bai ji kunya ba. Sautuka irin su r da ts da ƙ sukan ɗauki lokaci kafin su zauna a bakin yaro, wannan ba ciwo ba ne.

Ki riƙa ba shi zaɓi: "Ayaba ko lemo?" kina riƙe da su duka biyun. Ki kuma daina riga shi. A gidan da yaya ke miƙo kofi tun ƙaninta bai gama ɗaga hannu ba, yaron ba shi da dalilin buɗe baki. Ki ɗan dakata, ki tambaye shi, ko da sauti kawai ya yi ki ba shi.

Gargaɗi: kada a hana shi abu har ya yi kuka wai sai ya faɗi sunansa. Kada kuma a tsayar da shi gaban baƙi ana "faɗi kaza, faɗi kaza", ko a bar yara suna kwaikwayonsa suna dariya. Yaro mai jin kunya sai ya ƙara rufe baki. Wasu yaran sukan yi 'yar in'ina tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma a wajen da yawansu tana wucewa. Tsawa da "yi a hankali mana" ba sa taimakawa. A saurare shi har ya gama.

8. Waƙa, tatsuniya da littafi

Waƙoƙin raino da kika ji a bakin kakarki ki rera masa su, ko da kina ganin ba ki da murya. Idan ya saba da waƙa, ki tsaya kafin kalmar ƙarshe ki ga ko zai cike. Haka ma gajerun addu'o'in da ake yi kullum wajen cin abinci da kwanciya.

Littafi ba sai ya iya karatu ba, ke ma ba dole ki karanta rubutun ba. Ki nuna hoto ki faɗi suna, ki bar shi ya buɗe shafin da yake so. Idan babu littafi, tsohuwar kalanda ko hotunan 'yan uwa sun wadatar. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa sai wajen shekara 2 zuwa sama, a gajarce.

9. Raba aikin ga mutanen gida, a kuma rage kallon waya da talabijin

A nan dole in taɓo kunyar ɗan fari. Na san gidaje da yawa a cikin gari inda har yanzu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Ba na raina wannan kara, tarbiyya ce da aka gada. Amma jariri bai san kara ba, murya yake nema. Ki yi alkunyarki a tsakar gida, idan kin shiga ɗaki kin saki labule ki yi hira da ɗanki son ranki. Idan sunan ne ba kya iya faɗa, ko don na mahaifi ko suruki aka mayar, ki tsayar da laƙabi guda, Abba ko Walida ko wanda kuka zaɓa, kowa ya riƙa kiransa da shi don ya gane nasa ne.

Maigida, kai ma da naka. Ko daga Kantin Kwari ka dawo a gajiye, minti 10 bayan Magariba ka ɗauke shi ka zaunar a cinya, ka tambaye shi yadda ya yini, ka jira ya yi gwarancinsa. Kaka kuwa ba ta buƙatar koyarwa. Wasan nan na "mijina, yau ba cefane?" da "kishiyata ta tashi?" hira ce cikakkiya, a bar ta ta yi. Idan mai raino ce ke yini da shi saboda kina aiki ko makaranta, ki zaunar da ita ki nuna mata mataki na 4 da na 5 da hannunki, kada ki ce kawai "ki riƙa yi masa magana."

Sai batun waya da talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, ƙasa da haka ya fi. Akwai kuma gwajin da Patricia Kuhl da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Washington, aka buga a 2003. Jarirai 'yan wata 9 daga gidajen masu Turanci sun zauna sau 12 da mutanen da ke yi musu magana da harshen Sin, suka koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa irin wannan magana a bidiyo ko a sauti kawai ba su koya ba. Don haka bidiyon katun na yara da ake kunna wa jinjiri a YouTube kuɗin data kawai yake ci.

Gargaɗi: talabijin da ke kunne ba mai kallo, da rediyo mai ƙarfi, da janareta a bakin taga, duk suna rufe muryarki. Lokacin hira da yaro a kashe abin da za a iya kashewa, a matsa nesa da wanda ba za a iya ba.

Game da harshe kuma, ki yi masa magana da wanda ya fi zama a bakinki. Ina ganin iyaye suna takura kansu da guntun Turanci don yaro ya shiga makarantar kuɗi da shiri, sai hirar ta koma "come" da "sit down" kawai. Hausa mai yalwa ta fi masa amfani, kuma a kanta zai ɗora Turanci da Larabci daga baya. Idan uwa Fulatanci take ji, uba Hausa, ko Barbarci ko Yarbanci, kowa ya yi nasa. Harshe biyu ba ya jawo nauyin baki, kuma gauraya su da yaro ke yi da farko ba matsala ba ce.

10. Kula da kunne, ki san lokacin zuwa asibiti

Yaron da ba ya ji da kyau ba zai yi magana da kyau ba, komai ƙoƙarinki. Sanƙarau, ƙyanda, ciwon shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, da kunne mai yawan zubar da ruwa duk suna iya taɓa ji. Haka wasu allurai irin su gentamicin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, don haka kada a kai jariri kemis a yi masa allura ba da rubutun likita ba. A cika rigakafi: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9 da wata 15. Kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kada a ɗiga nono ko mai a kunnen da ke ciwo, kada a sa tsinke ko gashin kaza.

Yara sun bambanta, wani ya riga wani. Amma ki je a duba shi idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

A watannin farko ba ya firgita idan an buga ƙofa da ƙarfi. A wata 6 ba ya juyowa wajen sauti, ba ya dariya. A wata 9 ba ya gwaranci, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. A shekara 1 ba ya nuni, ba ya ɗaga hannu. A wata 18 ba shi da ko 'yan kalmomi. A shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Mama zo". Sannan a kowane lokaci, idan ya daina abin da ya riga ya iya, kada a jira ko mako guda. Idan bakwaini ne, a shekaru 2 na farko ana lissafi daga lokacin da ya kamata a haife shi.

Ki fara da asibitin da kike kai shi awo da rigakafi, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya abin da kika lura, ki nemi takardar turawa. A cikin birni akwai Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala Muhammad, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ki ce a fili kina son a gwada jinsa. Ki tambayi kuɗin kati da na gwaji tun kafin ranar, don ku je da shiri. Ki tafi da katin rigakafinsa, da jerin kalmomi ko sautukan da yake yi, da bayanin duk wata babbar rashin lafiya da ya taɓa yi.

Gargaɗi: za a ce miki "babansa ma sai da ya shekara 4", ko "namiji ne, ai maza nauyin baki gare su." Kada wannan ya hana ki zuwa. Kada kuma a kai shi wajen wanzami a yanka ƙarƙashin harshe ko a cire beli don bakinsa ya buɗe. Yankan yana jawo zubar jini da shigar cuta, kuma ba ya magance jinkirin magana. Idan da gaske zaren harshen ya ɗaure, likita ne zai gani ya faɗa.

Ke ma uwa a duba ki. Idan bayan haihuwa kin fi mako 2 zuciyarki a cunkushe, ba kya sha'awar kallon jaririn balle yi masa magana, ga kuka ba dalili, wannan ciwo ne da ke samun mata da yawa kuma yana da magani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a ranar awo, ki kuma roƙi maigida ko wata 'yar uwa ta riƙe hirar da yaron kafin ki samu sauƙi.